Daga Jos Zuwa Garin Da Rana Ba Ta Faɗuwa

Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na Jos da kewaye kafin in yi ritaya, kuma babu shekarar da ban tsaya gaban aji da ƙwallon taswirar duniya a hannu ɗaya, tocila a ɗaya hannun ba, ina nuna wa yara yadda rana takan yi makonni ba ta faɗi ba a can ƙuryar arewacin duniya. Yara sukan rubuta, su haddace, su ci jarrabawa, amma nakan gani a idanunsu cewa maganar ba ta wuce musu tatsuniya ba. Ni kaina lissafi ne ya sa na gaskata ta, alhali an ce gani ya kori ji. Saboda haka da babban ɗana, wanda yake karatun digiri na biyu a garin Rovaniemi na ƙasar Finlan, ya aiko mini da takardar gayyata, abu ɗaya na roƙe shi, wato ya tsara tafiyar yadda yinin da ya fi kowane yini tsawo a shekara zai riske ni a can. Neman biza ya kai ni Abuja sau biyu a watan Mayu, na biya Yuro 80 ban da kuɗin inshorar lafiya, kuma Allah ya sa aka ba ni.

Na bar gida ranar Litinin 17 ga Yuni 2024, washegarin Babbar Sallah, bayan an sallame sallar asuba. Tun da dare uwargida ta cika wani bokitin roba da soyayyen naman layya ta ce in kai wa yaron, domin shekara biyu ke nan bai ɗanɗana naman Sallar gida ba. Ya riga ya gaya mana ta waya cewa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje, ko da kilishi ne, amma zuciyar uwa ba ta sauraron irin wannan magana. Na karɓa don kada in karya mata gwiwa. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji kuwa suna cikin akwati, su ne suka isa har can.

Motar hayar da na shiga mai cin mutum bakwai ce, an karɓi naira 12,000 a wurina saboda hidimar Sallah. Muka bi ta Bukuru da Mararabar Jama'a muka wuce duwatsun Riyom cikin yayyafi, gonakin masara da dankalin Turawa kore shar ko'ina. A Hawan Kibo hazo ya rufe hanya har direba ya kunna fitila, muka gangara a hankali muna wuce tireloli masu nishi a kan hawa, kuma kafin mu kai gindin tsaunin kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Shingayen jami'an tsaro tara na ƙirga tsakanin Jos da Keffi. A mafi yawansu leƙawa kawai suke yi su ɗaga hannu, amma a wani shinge da ke gaban Forest wani matashin jami'i ya sa aka buɗe bayan mota, ya nuna bokitina ya tambayi mai shi. Da na buɗe ya ga abin da ke ciki sai ya ce, “Baba, barka da Sallah, mu a nan bakin titi muka yi tamu.” Na cika masa leda da nama shi da abokan aikinsa. Sauran kuma muka ci a Akwanga tare da fasinjoji, aka sayo burodi da shayi, wata baiwar Allah mai goyo ta tafi da ragowar. Da yake ranar hutu ce, cunkoson Mararaba da Nyanya bai tsare mu ba.

A filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe na yi sallar magariba da misalin bakwai saura minti goma, kuma da gangan na fito waje na tsaya ina duban agogo. Ba a yi rabin awa ba duhu ya rufe gari ruf. Haka daren ƙasarmu yake, ba ya sallama mai tsawo, domin rana kusan a miƙe take gangarawa a yankin da ke kusa da ikwaita. Ban san cewa kwana goma sha biyu zan yi kafin in sake ganin irin wannan duhu ba.

Jirgi ya kwana da mu a sama zuwa Santambul, muka yi 'yan awoyi a can, sannan wani ya ɗauke mu awa uku da rabi zuwa Helsinki, babban birnin Finlan. Jami'ar shige da fice ta duba takardar gayyata da tikitin dawowa, ta tambaye ni inda zan sauka da kwanakin da zan yi, ta buga hatimi. Yaron yana tsaye a bakin ƙofar fita, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Turawa kamar yadda zai yi a zauren gida, abin da ya sanyaya mini rai ƙwarai. Na tura agogona gaba da awa biyu. Muka sauka a wani ƙaramin otel kusa da babbar tashar jirgin ƙasa a kan Yuro 95 kwana ɗaya, kuma da yake a lokacin Yuro ɗaya ya kai wajen naira 1,600, sai na ga kwanan dare guda ya cinye fiye da naira 150,000. Kofin shayi Yuro 3 ne. Yaron ya ce, “Baba, ku daina juya kuɗin zuwa naira, in ba haka ba ko ruwa ba za ku sha ba.” Ruwan ma dai na famfo ake sha, mai sanyi da daɗi, kuma kyauta ne.

A daren nan na fara ganin abin da na zo nema. Helsinki tana kan digiri 60 arewa da ikwaita, Jos kuwa ba ta cika digiri 10 ba. Ƙarfe tara na dare na leƙa taga na ga rana tana dukan rufin gidaje, yara suna tuƙa keke, mutane suna zaune a kan ciyawa suna hira. Sai goma sha ɗaya saura minti goma ta faɗi, muka yi magariba. Na zauna ina jiran shafaƙi ya ɓace don in yi lisha kamar yadda aka koya mana tun muna makarantar allo, amma jan nan na gefen sama ya ƙi gushewa, sai dai ya riƙa jan jiki a hankali daga arewa maso yamma zuwa arewa, daga nan zuwa arewa maso gabas, har ya zama shi ne alfijir. Kafin ƙarfe huɗu rana ta fito. Yinin ya kusa awa 19, kuma abin da ya rage ba za a kira shi dare ba, almuru ne kawai mai tsawo.

Ranar Laraba muka zaga kasuwar bakin teku, inda na ci miyar kifi mai madara da baƙin burodinsu mai ɗan tsami, da sabon dankali ƙanana wanda suke ɗoki kamar yadda muke ɗokin sabuwar masara. A ganina na Bokkos ya fi shi garɗi. Yaron ya gaya mini cewa Musulunci ba baƙo ba ne a ƙasar, domin Tatar 'yan kasuwa sun zo daga Rasha tun ƙarni na 19, kuma sun yi wa ƙungiyarsu rajista a 1925.

Da yamma muka shiga jirgin ƙasan da suke kira jirgin dare zuwa arewa, tafiyar kusan kilomita 900 cikin awa goma sha biyu, ta Tampere da Oulu da Kemi. Yaron ya so ya kama mana ɗaki mai gado, na ce kujera nake so a jikin taga, domin ban zo barci ba. Daji ne na dogayen itatuwa miƙaƙƙu da tafkuna, tafki bayan tafki, da jajayen gidajen katako jefi-jefi. Kusa da mu wata dattijuwa ce mai furfura, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, za ta bukkarta ta bakin tafki don bikin tsakiyar bazara. Da ta ji daga inda na fito sai ta tambaye ni tsawon yini a garinmu. Na ce mata a Jos yini mafi tsawo awa 12 ne da minti arba'in da 'yan kai, mafi gajarta kuma awa 11 da rabi, bambancin bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba a duk shekara. Ta yi shiru, sannan ta ce to da me muke sanin shekara tana tafiya? Na ce da ruwa, domin mu damina da kaka da hunturu da bazara muke lissafi, girgije da iska muke kallo. Ita kuma ta ce kada hasken nan ya ruɗe ni, bashi ne suke ci wanda za su biya a Disamba, lokacin da Helsinki ba ta samun cikakkiyar awa shida ta rana, Rovaniemi kuma awa biyu da 'yan mintoci. A Utsjoki, can ƙarshen ƙasar, rana takan yi fiye da kwana 70 ba ta faɗi ba, sannan da sanyi ta yi wajen kwana 50 ba ta fito ba. Wannan duhu suna kiransa kaamos, kuma ta ce ta yi jinyar mutane da yawa da ya sa wa baƙin ciki da mutuwar jiki, shi ya sa ake sayar da fitilu masu ƙarfi da mutum yake zama a gabansu da safe. Tun daga wannan hira na lura cewa kalmar bazara da muke fassara lokacin zafinsu da ita ba ta dace ba. Bazararmu wahala ce da ake fatan wucewarta, tasu kuwa ita ce abin da ake jira shekara guda, kuma zafinta bai wuce na hantsin Jos a watan Disamba ba.

Mun isa Rovaniemi da safiyar Alhamis 20 ga Yuni. Gari ne a mahaɗar koguna biyu, Kemijoki da Ounasjoki, kusan duk gine-ginensa sababbi ne, domin sojojin Jamus sun ƙone shi yayin da suke janyewa a 1944, aka sake zana shi ƙarƙashin jagorancin shahararren mai zanen gine-ginensu Alvar Aalto. A ɗakin ɗalibai na yaron na sauka, ya bar mini gado ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Abin da na fara lura da shi baƙin labule ne mai kauri wanda ya manne gefensa da salatif, da wata takarda a jikin bango mai jadawalin lokutan sallah. Na tambaye shi yaushe rana ta faɗi rabonsa da gani, ya ce tun farkon watan, kuma ba za ta sake faɗuwa ba sai an shiga Yuli da kusan mako guda.

A nan ne maganar ta daina zama ta labarin ƙasa kawai a wurina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ladan ne, kuma da inuwa ya koya mini sanin lokaci tun kafin in mallaki agogo. Yakan tsaya a tsakar gida ya auna inuwarsa da ƙafa, ya ce rana ta yi zawali, ko kuma la'asar ta shiga. Bahaushe gaba ɗaya da rana yake yanka yininsa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha, har talatainin dare. Gaisuwarmu ma a kanta take, daga ina kwana zuwa ina wuni zuwa sai da safe. To ga ni a garin da uku daga cikin salloli biyar ba su da alama a sama, babu faɗuwar rana, babu ɓacewar shafaƙi, babu ketowar alfijir. Ko azahar ɗin ma sai da ta ba ni mamaki, domin rana ba ta kai tsakiyar tafiyarta sai wajen ɗaya da minti ashirin, kuma a lokacin ba ta hawa fiye da digiri 47, inuwata ta kusa kai tsawona a daidai lokacin da ya kamata ta fi gajarta. Da na tashi yin sallah na juya gabas bisa sabo, sai yaron ya ce, “Baba, nan alƙibla kudu take.” Mu da muke cewa wane yana duban gabas idan muna nufin yana sallah, ga shi Makka ta koma mana kudu, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas.

Da misalin goma na dare muka hau tudun Ounasvaara da ke tsallaken kogi, da ƙafa, cikin itatuwa, muna kore sauro. A shekarar nan lokacin da rana take kaiwa iyakar tafiyarta ta arewa ya faɗo ne ƙarfe 11:51 na dare agogon Finlan, wato 9:51 agogon Najeriya. Mun sami mutane a kan tudun, wasu da butocin kofi, wasu da kyamarori, babu mai ɗaga murya. Rana tana can arewa maso yamma, ƙasa-ƙasa, launinta kamar na manja, haskenta ya kwanta a kan koguna biyu da gadar garin, inuwar kowa ta miƙe ta yi tsawon da ban taɓa gani ba. Idan a gida ne, wannan shi ne lokacin da mata suke kwashe shanya, kaji suna shiga akurki, ladan yana gyara murya. Jikina duka ya shirya wa magariba. Amma ranar ba ta nutse ba, sai ta riƙa tafiya a kaikaice, daga hagu zuwa dama, tana shafar kan itatuwan da ke can nesa kamar mai neman ƙofa. Sha biyu ta buga tana nan. Wajen ɗaya da minti ashirin ta kai arewa sak, ta sauka iyakar saukarta har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, wani siririn girgije ya raba ta biyu na ɗan lokaci, sannan ta fara ɗagowa. Tsuntsaye ba su yi shiru ba ko na minti ɗaya. La'asar sakaliya ta zama hantsi ba tare da dare ya shiga tsakaninsu ba. Na yi tasbihi, hawaye suka zubo mini, yaron ya kau da kai ya bar ni.

Da muka zauna a kan wani dutse sai na ɗauki lemon da ke jakarsa na maimaita masa darasin da ya ji a ajina yana ɗan shekara goma sha huɗu. Duniya a karkace take juyawa, karkatar digiri 23.4, kuma ba ta sauya inda ta karkata a duk zagayen da take yi wa rana cikin shekara. A watan Yuni kan arewa ne yake sunkuya wa rana, don haka duk wurin da ya haura digiri 66 da rabi, wato Da'irar Aktik, juyawar duniya ba ta iya ɓoye shi daga haske. Rovaniemi tana 'yan kilomita kudu da layin, amma iskar sama tana lanƙwasa haske ta ɗaga hoton rana sama da inda take, shi ya sa garin yake samun kusan wata guda babu faɗuwar rana. Ba kusantar rana ke kawo wannan ba, kamar yadda yara da yawa suke rubutawa a jarrabawa, domin a farkon Yuli ne ma duniya ta fi nisa da ita, kilomita miliyan 152, a farkon Janairu kuma miliyan 147. A wannan yini rana tana tsaye tsakar ka a kan layin da ya ratsa kudancin Aljeriya da ƙuryar arewacin Nijar da Libiya da Masar, ya bi tsakanin Makka da Madina. Daga nan sai ta yi kamar ta tsaya na 'yan kwanaki kafin ta juyo kudu, kuma sunan da Turawa suka ba wannan yini, wato solstice, daga Latin yake, ma'anarsa tsayuwar rana. A lokacin ne uwargida ta kira mu, ta ce an ɗauke ruwa a Jos, farin wata ya fito tar, dare ne na tsakiyar Zulhijja. Muka ɗaga kai muka duba ko'ina, babu wata, babu tauraro ko ɗaya.

Washegari Juma'a muka je ɗan ɗakin da Musulmin garin suke taruwa, ba su cika sahu huɗu ba, 'yan Somaliya da Iraƙi da Bangaladesh da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam. Bayan sallah na zauna da wani dattijo Basomale wanda ya shekara fiye da ashirin a arewacin ƙasar, na tambaye shi yadda suke yi. Ya ce asalin hukuncin yana cikin hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, ya ce a'a, ku ƙaddara masa gwargwadonsa. A kan wannan malamai suka gina fatawa, wasu suka ce a bi gari mafi kusa da ake rarrabe dare da yini, wasu suka ce a bi lokacin Makka. Ya ce a 2015 da 2016, da azumi ya faɗo a Yuni, ya sha ruwa rana tana haska masa faranti, kuma kwanakin farko sai da ya rufe labule kafin ya iya haɗiye dabino, ko da yake ya san hukuncin. Tun da watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wajen 2030 zai koma tsakiyar sanyi, matsalar ta juye, yini ya zama awa biyu. Yaron yana bin lokacin Makka tare da mafi yawan abokansa, ni ma na bi shi, na yi magariba da lisha ina ganin inuwata a kan darduma. Na yarda da hujjar, amma zuciya ta fi kai jinkirin sabawa.

Daren wannan Juma'a shi ne jajiberin bikinsu na tsakiyar bazara da suke kira Juhannus, wanda yake faɗowa ranar Asabar tsakanin 20 da 26 ga Yuni. Shaguna sun rufe da wuri, gari ya yi tsit saboda yawancin mutane sun tafi bukkokinsu na daji. An ɗaga tutar ƙasa da ƙarfe shida na yamma, kuma wannan ne daren da ake barinta ta kwana a sama. Wani malamin yaron ya gayyace mu bakin kogi, inda aka tara itace kamar dala aka cinna masa wuta, wutar da suke kira kokko. Wuta cikin hasken rana ba ta da kwarjinin da take da shi a duhu, amma su murnarsu ta kai matuƙa. Ya gasa mana kifi da dankali, ya kiyaye bai kawo mana abin da ba ma ci ba, ya kuma shigar da ni ɗakin siracensu na katako, inda ake zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi. Sauro ne ya so ya ɓata zaman, domin ban taɓa ganin yawansa haka ba ko a bakin fadama, sai dai ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Ranar Asabar muka je inda aka ja farin layi a ƙasa don nuna Da'irar Aktik, kilomita 8 arewa da gari, wuri ne na 'yan yawon buɗe ido da tsadar kaya, ban daɗe ba.

Wahalar ta fara ne daga kwana na huɗu. Barci ya ƙaurace mini. Ko an ja labule, haske yana silalowa ta gefe, kuma jiki ya san rana tana waje. Nakan kwanta sha ɗaya in farka ɗaya da rabi ina zaton na makara, in duba agogo, in sake kwanciya, in farka uku. Kaina ya yi nauyi, cin abinci ya rikice, na daina sanin ko maganin hawan jinin da na sha na safe ne ko na dare, har sai da yaron ya riƙa rubuta mini a takarda. Na sami kaina ina marmarin duhu kamar yadda mai azumi yake marmarin ruwa. Ayar nan ta Suratul Ƙasas da take tambaya, idan Allah ya sanya yini ya dawwama a kanku har ranar ƙiyama, wane abin bauta ne ban da shi zai zo muku da dare da za ku natsu a cikinsa, na sha karanta ta tun ina yaro, amma a kan gadon nan na ɗalibai, da ƙyallen rufe ido a fuskata, na ji nauyinta. Na kuma tausaya wa yaron, wanda ya yi sanyi biyu a garin yana fita cikin duhu yana dawowa cikin duhu, bai taɓa yi mana ƙorafi ta waya ba. Da na yi masa maganar sai ya ce, “Baba, addu'arku ce take riƙe da mu.”

Na baro Rovaniemi ranar 29 ga wata. A Santambul dare ya riske ni, na tsaya a jikin gilashin filin jirgi ina kallon baƙin sama da fitilun jirage har aka kira mu. Daga Abuja na biyo hanyar da na bi, muka hau Hawan Kibo cikin ruwan sama, na isa gida da la'asar, na yi barcin da ban yi irinsa ba cikin mako biyu.

Tun da na dawo na ɗauki wata al'ada. Da tsakar rana nakan kafa sanda a tsakar gida in duba inuwarta, kuma a farkon Yuli kudu ta karkata, domin rana tana arewa da mu. A ƙarshen Agusta inuwar ta shige ƙarƙashin sandar, kamar yadda take yi a tsakiyar Afrilu, daga nan ta fara fitowa ta arewa. Da yamma kuma nakan tsaya a ƙofar gida in ga inda rana take faɗuwa a bayan duwatsu, in sa alama da gawayi a jikin katanga. Alamar farko tana daidai bishiyar mangwaron maƙwabcina, kuma mako bayan mako tana matsawa hagu. Yaran unguwa sun fara taruwa suna kallo, wani daga cikinsu ya karɓi aikin riƙe gawayin. Magariba da muke yi bakwai saura kwata lokacin da na dawo, yanzu ana kiranta shida da 'yan mintoci, kuma jiya ladanmu, wanda ya san inda na je, ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce, “Malam, yanzu su can yaya ake ciki?” Na ce masa yaron ya kira da safe, ya ce dusar ƙanƙara ta fara sauka, kuma kafin a yi la'asar a Jos su fitilun titi sun daɗe da kamawa.